Tsakanin Na 12 Da Na 13: Nan Ake Yin Ta A Gasar Badujalar Amurka

Da sanyin safiyar wata Alhamis a farko-farkon watan Agusta, kafin masu shaguna su buɗe a birnin Indianapolis na jihar Indiyana, manyan motocin safa sun riga sun jeru a kusa da filin wasa na Lucas Oil. Matasa ne ke saukowa, maza da mata, rana ta gasa musu fuska, kowa riƙe da jarkar ruwansa. Masu busa na goge ƙahonin tagulla har su ɗauki ido. Masu ganga na ƙara wa gangunansu ɗauri. Masu tuta na warware ƙyallaye suna karkaɗewa.

Filin yana ɗaukar sama da mutum 60,000, amma a wannan lokacin kujeru fayau suke. Iyaye ne kawai, da tsofaffin 'yan ƙungiya, da 'yan gani-kashe-nin da ba sa yarda ko wasa ɗaya ya wuce su. Mai sanarwa zai kira sunan ƙungiyar farko, ya tambayi jagoranta ko mutanensa sun shirya. Jagoran ya juyo ya ƙame, ya sara. Daga nan suna da minti 11 ko 12 su nuna abin da suka kwashe watanni suna wahala a kansa.

Wannan shi ne zagayen share fage na gasar badujala ta duniya, wadda hukumar Drum Corps International, ko DCI a taƙaice, ke shiryawa duk shekara. Ƙungiyoyi 30 da wani abu, wata shekarar har kusan 40, su ke shiga ranar Alhamis. Guda 25 ne ke kaiwa Juma'a. Daga cikinsu 12 kacal ke ganin daren Asabar.

Jama'a sun fi tururuwa ranar Asabar, domin ranar ake ɗaga kofi. Amma wanda ya san harkar zai gaya maka cewa tashin hankali da zumuɗi na gaske a kwana biyun farko suke.

Wace irin badujala ce wannan?

Wanda ya taɓa tsayawa a rana yana kallon faretin 'yan makaranta ranar yara ta 27 ga Mayu, ya ga yadda ake bin sahu da idon alƙalanci, ya san tushen abin. Sai dai a Amurka an kai shi wani mataki na daban.

Babbar ƙungiya takan fito da mutum sama da 150. Kusan rabinsu masu busa ƙahon tagulla ne, daga ƙarami mai siririyar murya har zuwa jibgege da ake saɓawa a kafaɗa. Akwai masu ganga da ke tafiya da gangunansu rataye a jiki. Akwai waɗanda ke tsaye a bakin fili da manyan kayan kiɗa da ba sa ɗaukuwa. Sannan ga masu tuta, waɗanda ke rawa suna cilla tutoci da bindigogin katako da takubba sama suna cafewa.

Ba sojoji ba ne, ba kuma albashi ake ba su ba. Ɗalibai ne, galibinsu na jami'a da na ajin ƙarshe a sakandare. Doka ta ce da zarar mutum ya haura shekara 21, in ban da 'yan kaɗan da ranar haihuwarsu ta ba su damar kaiwa 22, to ya gama.

A kan filin ƙwallon Amurka ake wasan, mai tsawon yadi 100, da layi a kowane yadi 5. Da waɗannan layuka ake auna komai. Taku 8 ne ke cinye yadi 5 a tafiyar ƙa'ida. Kowane ɗan wasa yana da gurbinsa a kowane zanen da ƙungiya za ta yi da jikinta, kuma zanen yakan haura 100 a wasa guda. Shi ya sa za ka ga ɗan ƙaramin littafi rataye da igiya a jikin yara lokacin atisaye. A ciki an rubuta: taku kaza daga layi kaza, taku kaza daga gefen fili. Yaro zai tafi da baya a guje, yana busa, idonsa na kan jagora, ya tsaya cak a gurbin da ba ya gani. In ya kuskure da tafin ƙafa ɗaya, wanda ke saman bene zai hango layin ya karkace.

Daga hannun 'yan mazan jiya

Asalin abin daga bariki ne. Bayan yaƙin duniya na farko, ƙungiyoyin tsofaffin sojojin Amurka, musamman American Legion da VFW, suka riƙa kafa 'yan badujala a garuruwansu. Coci-coci da 'yan sikawut su ma suka bi sahu, don su raba yaran unguwa da zaman banza. Zuwa shekarun 1960, ɗaruruwan irin waɗannan ƙungiyoyi ne warwatse a Amurka da Kanada.

'Yan mazan jiyan ne ke riƙe da gasa, kuma da dokar soja suke tafiyar da ita. Akan jera yara a duba kayan jikinsu kafin su shiga fili. Alƙali na biye da su yana ƙirga kurakurai, kowane kuskure a zabge maki. Masu koyar da yaran suka fara ƙorafi cewa an ɗaure musu hannu a fannin fasaha, kuma kuɗin da ake ba ƙungiyoyi bai taka kara ya karya ba.

A 1971 ƙungiyoyi 13 suka ɓalle suka kafa DCI. Cikin jagororin tafiyar akwai Don Warren na ƙungiyar Cavaliers da Jim Jones na ƙungiyar Troopers. An yi gasar farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wisconsin, inda Anaheim Kingsmen ta Kalifoniya ta lashe. Gasar ta yi ta yawo gari-gari har zuwa 2009, lokacin da ta yada zango a filin Lucas Oil.

A farkon shekarun 1980 aka daina tsarin ƙirga kuskure, aka koma ba da maki gwargwadon wuyar abin da aka ɗauko da kuma yadda aka iya shi. Yau maki 100 ne: 40 na tasirin wasan gaba ɗaya, 30 na abin da ido ke gani, 30 na kiɗa. Kowane alƙali da ɓangarensa, yana kallo yana magana cikin na'urar ɗaukar murya, daga baya masu horarwa su zauna su saurari abin da ya faɗa.

Alhamis: ranar kowa da kowa

Abin da ya sa Alhamis ta fita daban shi ne, ita kaɗai ce ranar da duk ƙungiyoyi, ƙanana da manya, ke taka fili ɗaya a gaban alƙalai ɗaya. Ana jera ƙungiyoyi ne bisa makin da suke samu a kakar, masu ƙarancin maki da safe, manya da daddare. Mai kallon da ya jure zama tun safe zai ga harkar tana girma a gabansa, daga ƙungiyar da ba ta cika mutum 60 ba har zuwa wadda in ta saki ƙaho lokaci guda sai ka ji a ƙirjinka.

Akwai rukunin ƙananan ƙungiyoyi masu gajeriyar tafiya da ƙaramin aljihu, waɗanda ke kammala tasu gasar a farkon makon, sannan su zo su gwada ƙwanji da manya. A wurinsu shiga cikin 25 ɗin Juma'a shi ne kofi. A shekarun baya an ga baƙi daga Holan da Japan da Taiwan sun tsallako teku domin wannan rana.

Makin ba a tare yake fitowa ba. Bayan 'yan ƙungiyoyi sun yi, sai a sanar da na waɗanda suka gabata. Waɗanda suka yi wasa da hantsi sukan koma masaukinsu ba su san makomarsu ba. Suna zaune a farfajiyar wata makaranta, ido na kan waya, ana lissafi da yatsu: saura ƙungiya nawa, guda nawa ne za su iya wuce mu? Wani lokacin sai la'asar ta yi kafin su san ko gobe akwai atisaye ko kuwa ɗaure kaya.

A wajen filin ma wata kasuwar ke ci. Masu ganga na kowace ƙungiya sukan samu inuwa a wurin ajiye motoci ko filin shaƙatawa su jeru suna ɗumama hannu, jama'a su kewaye su ƙafa da ƙafa. A nan ne za ka ga mutum 9 na kaɗa ganga da sauri kamar hannu ɗaya ne, sandunansu na tashi tsayi guda. Akwai masoyan da a nan suke wuni, ba sa ma damuwa da shiga ciki.

Shekaru da dama an riƙa haska ɓangaren dare na wannan zagaye kai tsaye a ɗaruruwan gidajen sinima a faɗin Amurka. Yanzu galibi ta intanet ake bibiya.

Juma'a: layin da ke raba mutane

Manyan ƙungiyoyi shida ko bakwai ba su da fargabar Juma'a. Sun san za su wuce, abin da suke nema shi ne matsayi. Wutar tana can ƙasa, tsakanin na 11 da na 15, inda ƙungiyoyi huɗu ko biyar ke kokawa a kan kujera ɗaya ko biyu.

Ratar takan yi ƙanƙanta har abin ya ba da tausayi. Ana lissafa maki har zuwa lamba uku bayan ɗigo, kuma sau da yawa abin da ke raba na 12 da na 13 bai kai maki guda ba. Tuta ɗaya da ta suɓuce, ko mai busa ɗaya da numfashinsa ya yanke a inda kowa ke sauraro, ya isa.

Me ya sa kujera ta 12 ke da wannan daraja? Na farko, daren Asabar ne kaɗai 'yan kallo ke haura 20,000. Na biyu kuma ya fi nauyi: a watan Nuwamba ake fara tantance sabbin 'yan wasa na baɗi, kuma ƙwararrun yara sun fi karkata ga ƙungiyar da suka gani a wasan ƙarshe. Wadda ta shiga takan samu masu neman gurbi da masu ba da gudummawa. Wadda ta tsaya a na 13 takan wayi gari gwanayenta sun koma wata ƙungiyar. Don haka maki ɗaya na daren Juma'a yana iya juya rayuwar ƙungiya ta shekaru.

Labarin Troopers ya isa misali. Jim Jones ya kafa ta a 1957 a garin Casper na jihar Wyoming, jihar da ta fi kowace ƙarancin jama'a a Amurka. Tana cikin waɗanda suka kafa DCI, kuma jama'a na ƙaunarta saboda kayanta irin na sojan doki na da. Bayan 1986 sai ta daina ganin daren Asabar. Abubuwa suka taɓarɓare har ta kasa fita fili gaba ɗaya a 2006. Ta dawo a 2007. A 2009, shekara 23 bayan rabonta da wasan ƙarshe, ta samu kujera ta 12. Ƙungiyar Blue Devils ce ta ɗauki kofi a shekarar, amma har yau in tsofaffin masoya na hirar 2009, da wuya a tashi ba a ambaci Troopers ba. Ta sake faɗuwa ƙasan layin na tsawon shekaru, sai a 2022 ta kuma hayewa.

Haka Mandarins ta birnin Sacramento, wadda al'ummar Sinawan garin suka kafa a 1963 domin 'ya'yansu. Ta shafe shekaru tana cin kofunan ƙaramin rukuni kafin ta hau na manya, kuma sai a 2018 ta fara shiga cikin 12. The Academy ta jihar Arizona ta ɗanɗana nata a 2016.

A sama ma zagayen share fage kan nuna inda iska ta dosa. A 2008 Phantom Regiment ta garin Rockford ta zo ta uku ranar Alhamis da wasanta a kan Spartacus, bawan da ya yi wa Rumawa tawaye. Ranar Juma'a ta zo ta biyu. Ranar Asabar ta doke Blue Devils da ratar 0.025. Waɗanda suka kalli kwana ukun a jere sun ga kofin yana tahowa, abin da mai zuwa Asabar kaɗai bai samu ba.

Daren Juma'a kuma shi ne na bankwana. Bayan an gama, akan tara duk waɗanda shekarunsu suka ƙare a tsakiyar fili a karrama su. Ga ɗan ƙungiyar da ba ta haye ba, wasan da ya yi da yammar nan shi ne na ƙarshe a rayuwarsa a wannan mataki, kuma lokacin da yake yinsa bai san haka ba. Babu baɗi, babu ramuwa. A ganina wannan ne ya sa kukan Juma'a ya fi na Asabar zafi.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Kafin a kai ga waɗannan mintuna, an sha wuya. Tun tsakiyar Mayu ake shiga sansani, ana atisaye daga safe har dare, awa 10 zuwa 12 a rana. Daga ƙarshen Yuni a hau hanya. Ana wasa da daddare, a shiga mota a kwana ana tafiya, a isa wata makaranta da asuba a shimfiɗa katifar iska a daɓen ɗakin motsa jiki, a ɗan runtsa, a tashi a koma rana. Abinci daga babbar motar girki yake fitowa, kuma masu girkin yawanci iyaye ne da tsofaffin 'yan ƙungiya da suka sadaukar da hutunsu.

A hanya akwai manyan zango inda kusan kowa ke haɗuwa: San Antonio a jihar Texas cikin zafin Yuli, sannan Atlanta, sannan Allentown a jihar Pennsylvania mako guda kafin Indianapolis. A waɗannan wurare ake fara gane wa ke kan layi. Ƙungiyar da ta ga tana ta 13 a San Antonio takan sake ƙarshen wasanta ɗungurungum, yara su haddace sabbin gurabe cikin kwana biyu ko uku.

Sannan ga abin da ke ba baƙo mamaki: yaran ne ke biya. A manyan ƙungiyoyi kuɗin kaka guda yakan kai dala 5,000 ko fiye, ban da kuɗin jirgi zuwa sansanonin hunturu, ban da aikin hutun da yaro ya rasa.

Masu yabo da masu ƙorafi

Malaman kiɗa da dama na kallon harkar a matsayin makarantar da babu kamarta. Da yawa daga masu koyar da badujala a sakandaren Amurka sun bi ta nan ko sun koya daga waɗanda suka bi. Salon DCI ne ke gangarowa zuwa gasar makarantu ta Bands of America, wadda ita ma ake yi a filin Lucas Oil duk Nuwamba, makarantu kusan 100 su shiga share fage, 12 su kai ƙarshe.

Tsofaffin hannu kuwa da yawansu ransu a ɓace yake. An halatta lasifika a 2004, kayan kiɗa na lantarki a 2009. A 2016 Bluecoats ta jihar Ohio ta ajiye hula da kaki irin na gargajiya, ta fito da kayan rawa da manyan gangare da yara ke sulalowa a kai, kuma ta ci kofinta na farko. Shekara na zagayowa ƙungiyoyi da yawa suka kwaikwaya. Masu ƙorafi na cewa abin ya tashi daga fareti ya koma wasan kwaikwayo, kuma kowane sabon salo ƙarin mota ne da ƙarin kuɗi. Masu kare sauyin na cewa don neman 'yancin fasaha aka kafa DCI tun farko.

Akwai kuma tsohon zargi cewa alƙalai na zuwa da jerinsu a zuci, suna bin suna da tarihi. Blue Devils ta garin Concord ta ci kofi sau 21, kuma ita ke riƙe da maki mafi yawa, 99.650 a 2014. Mai zargi zai ce ka gani ko? Amma Carolina Crown ta ci na farko a 2013, Boston Crusaders da aka kafa tun 1940 ta ci nata na farko a 2025. Ƙofar tana da nauyi, ba a kulle take ba.

Jerin Alhamis na raguwa

Abin da ya fi damuna ba lasifika ba ne, ba kuma alƙalai ba. Yawan masu zuwa share fage ne. Daga ɗaruruwan ƙungiyoyin unguwa na shekarun 1960, yau 'yan gomiya suka rage. Cutar korona ta sa an soke kakar 2020, aka yi ta 2021 ba tare da maki ba, kuma da aka dawo kuɗin mota da mai da abinci da inshora sun yi tashin gwauron zabo. Makarantun da ke ba da wurin kwana ma sun ragu.

Ko manya ba su tsira ba. Santa Clara Vanguard, wadda ta ci kofi a 2018, ta zauna a gida a 2023 saboda matsalar kuɗi, ta dawo a 2024. Cadets kuwa, wadda aka kafa a 1934 kuma ta ci kofin DCI sau 10, ta rushe gaba ɗaya a 2024. Tun a 2018 jaridar Philadelphia Inquirer ta bankaɗo zarge-zargen cin zarafin mata a kan shugabanta na lokacin, ya sauka, kuma abin ya tilasta wa hukumar tsaurara dokokin kare yara. Gyara ne da ya kamata a ce an yi tuntuni.

Kasafin babbar ƙungiya a shekara ya haura dala miliyan 1. Wasu, irin su Blue Devils da Vanguard, sun daɗe suna dogaro da gidajen wasan sa'a na bingo. Wasu na rage tsawon tafiya, wasu na neman tallafin karatu ga yaran da ba su da hali. Hukumar ta kuma jawo rukunin manya marasa iyakar shekaru cikin makon Indianapolis tun 2024.

Duk wannan yana taimakawa, amma a ƙasa aka fi buƙatar hannu. Yaron da ke busa a ƙungiya ta ɗaya da daren Asabar, sau da yawa a ƙaramar ƙungiya mai wasa da hantsin Alhamis ya fara koyon taku 8 a yadi 5, kusa da gidansu, da kuɗin da iyayensa za su iya biya. Irin waɗannan ƙungiyoyi ne ke fara rufewa in abubuwa suka yi tsada, kuma in sun rufe da wuya labarin ya wuce garinsu.